Tarihin Rayuwata, Kashi Na 14: Kifin Wel A Hermanus

A makon jiya na tsaya a inda na kama aikin tsaron shago a birnin Cape Town, bayan kuɗin karatu sun yanke. To a watan Satumba na wannan shekarar maigidana ya ce in raka direbansa kai kaya Hermanus, wani ƙaramin gari a bakin teku, tafiyar kilomita kusan 120.

Muna cikin sauke kaya sai na ji an busa ƙaho. Mutane suka bar shayinsu a kan tebur suka nufi bakin dutse. Ashe garin yana da mai shela tun 1992, aikinsa ke nan: in ya hango kifin wel a gaɓar Walker, wato lungun tekun da garin yake bakinsa, sai ya busa ƙahon da aka yi da busasshiyar ciyawar teku. Direba ya ce, "Ɗan'uwa, bar kayan nan, ba za su gudu ba."

Da farko ban ga komai ba sai wani baƙin dutse a cikin ruwa. Can sai dutsen ya fesa ruwa sama, feshin ya rabu gida biyu, muka ji hucin numfashinsa daga inda muke tsaye. Uwa ce, ga ɗanta yana ta gogar jikinta. Tsawonta zai kai mita 15, bayanta sumul babu ƙaya, kanta kuwa duk wasu fararen ƙuraje masu kaushi, waɗanda da su masu bincike ke bambance wannan da wancan. Ta ɗaga wutsiya ta maka wa ruwa, wata tsohuwar Baturiya a gefena har da hawaye. Ni dai tasbihi na yi ta yi.

Daga tekun Antatika suke zuwa, tsakanin Yuni da Nuwamba, don su haihu a wannan lungu da igiyar ruwa ba ta da ƙarfi. Abin da ya fi tsaya mini shi ne uwar kusan ba ta cin komai duk tsawon zamanta a nan. Kitsen da ta tara a can kudu shi take ƙonawa, da shi kuma take shayar da ɗan, don nono yake sha, ba ƙwai aka ƙyanƙyashe ba.

A kan duwatsu kuma ga wasu baƙaƙen tsuntsaye masu jan baki da jan ido suna ɓare kwanson dabbobin ruwa, wasu tsuntsayen na daban kuma sun baje fukafukai suna shanya.

A hanyar dawowa muka ratsa Stony Point, inda a da ake yanka kifayen nan ana narka kitsensu. Yanzu tsuntsayen fengwin ne suka gaje wurin, suna tafiyar rangaji da ƙafa biyu, kukansu sak na jaki. Warin wurin kam sai wanda ya je.

Da dare na kira Inna na ba ta labari. Ta ce, "Kai ɗan nan, irin wanda ya haɗiye Annabi Yunusa?" Na ce Allah ne masani. Ta ce ko da wasa kada ta ji na shiga kwalekwale, sannan ta tambaye ni maganar komawa makaranta, wadda na daɗe ina kauce mata.

Amsar da na ba ta, da abin da ta jawo mini, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.