Kalmar da ta kunyata ni a Poland

Mako mai zuwa zan bar sashen nazarin harsunan Slav. Cikin shekara biyun da na yi a nan, babu abin da ya koya mini hankali kamar kalma ɗaya, rżysko, wato gonar da aka girbe sai tushiya ta rage a tsaye.

A takardata ta zangon farko na rubuta cewa daga rżnąć ta fito, ma'ana yanka. Ai yanke hatsi ake yi, ga sauti ya zo ɗaya, me kuma ya rage? Har wani daɗi na ji, ina ganin na gano abin da ya kuɓuce wa masu harshen. Ko ƙamus ɗaya ban buɗe ba.

Farfesa bai kira ni ofis ba. Aji ya shigo da takardar a hannu, ya karanta wurin da ƙarfi, ya ɗan dakata don a yi dariya, aka kuwa yi. Sannan ya dire mini ƙamus ɗin asalin kalmomin harshen Poland da Brückner ya wallafa a 1927, ya ce in karanta da bakina. Na karanta murya na rawa. Ashe asalinta reż ne, tsohon sunan hatsin rai, ɗan'uwan alkamar nan mai jure sanyi. Mutanen Poland sun bar reż sun koma cewa żyto, amma har gobe Rashawa rozh suke kiransa, Jamusawa kuma Roggen. Sunan hatsin ne ya maƙale wa gonar, babu ruwanta da lauje.

Gaskiya ya faɗa, ban musa ba. Sai dai wadda ke zaune kusa da ni, haifaffiyar ƙasar, ta raɗa mini cewa ita ma haka ta ɗauka tun tana yarinya, kuma ita ma dariyar ta yi. Kuskuren 'yan gida da biro yake gyarawa a gefen takarda.

Masu zuwa bayana, kada kunne ya yanke muku hukunci. Ku nemi tsohuwar siffar kalma, ku duba maƙwabtan harsuna, takarda kuma kada ta kai teburinsa sai wani ya fara gani.

Takardata ta ƙarshe a kan ɗaya kalmar da ake kiran irin wannan gona na yi ta, ściernisko, da danginta: sternya a Rashanci, strnište a Sabiya, strniště a Cek, inda har gashin gemun kwana uku haka suke ce masa. Wata malama ce ta duba, ta ba ni maki mafi girma. Shi kuwa Farfesa mun haɗu a matakala jiya, mabuɗin ɗakin karatu kawai ya tambaye ni.