Wadda ba ta da gidan yaji

Talata, Damagaram.

Da hantsi mai unguwa ya turo wata baiwar Allah da aure ya kawo daga wajen Daura, ido a kumbure, yaro a goye. 'Yar gari in ta sha duka sai ta yi yaji gidan iyaye, a zo biko. Baƙuwa ba ta da gidan yaji, katin shaidarta ma yana aljihun mijin. Wannan giɓin ne masu taimakon irin waɗannan mata ke cikewa.

Ƙofar farko likita ce, ba komisariya (ofishin 'yan sanda) ba. In har da tilastawa a shimfiɗa, maganin kariya daga sida cikin awa 72 ake fara shi, a sha kwana 28. Na hana ɗaukar ciki bai wuce awa 120. Ƙara tana iya jira, waɗannan ba su jira. Takardar shaidar rauni kuwa ta fi nauyi gaban alƙali in jandarma ko 'yan sanda suka buƙace ta a rubuce, don haka mai rakiya kan karɓo buƙatar yayin da likita ke duba matar. Amma sai da yardarta. Sau biyu aka tambaye ta: "Malama, kina son a kai ƙara?" Ta ce sai ta yi barci tukuna. An bar ta.

Labarinta sau ɗaya ta ba da shi. An rubuta a takarda guda, lamba a madadin suna, ita ke yawo tsakanin likita, ofishin kula da mata da yara, da ANAJJ mai ba da agajin shari'a kyauta. Ba a tura hoto ko suna ta WhatsApp. Garin nan kowa dangin kowa ne. Da ba ta jin Hausa, tafinta mace za a nemo, ba daga dangin miji ba.

Inda aka yi ɓarna: wani ofishi ya kira mijin sulhu tun ba a samo mata makwanci ba. Niyya mai kyau, amma mijin ya ji unguwar da take. Dole da la'asar aka canza gida, aka canza ɗan kabu-kabu, aka cire layin wayarta.

Kuɗin mota zuwa Matameye da iyakar Najeriya na nan ajiye cikin ambulan, ko za ta zaɓi komawa gida. Maganar yaron ce ba a taɓa ba; gobe da safe, wajen lauya.