Ƙara sabon fayil a aikin rubuta takardun bayani na intanet

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya ƙirƙiri fayil, ya adana, sannan ya rasa shafin a jerin abubuwan da ke ciki. Ajiye fayil a jakar aiki kaɗai ba ya wadatarwa, sai an sanar da manhajar inda zai zauna.

A Sphinx, manhajar da ke mayar da fayilolin rubutu su zama shafukan intanet, fayil mai ƙarshen .rst dole ne a rubuta sunansa ƙarƙashin toctree, wato umarnin da ke gina jerin abubuwan da ke ciki, galibi cikin index.rst. A bar layi ɗaya babu komai tsakanin zaɓuɓɓukan toctree da sunayen fayiloli, kuma tazarar farkon kowane layi ta zama iri ɗaya. Idan aka manta da sa sunan fayil a toctree, shafin zai ginu amma Sphinx zai yi gargaɗi cewa babu shi a kowane jeri. Layin da ake ja ƙarƙashin take kuma kada ya gaza tsawon taken.

MkDocs, wata manhaja mai irin wannan aiki, ya fi sauƙi: fayil .md cikin jakar docs, sai a ƙara shi a sashen nav, wato jerin shafuka, na fayil ɗin mkdocs.yml.

Sunan fayil shi ne wurin da nake so a fi kula. Windows ba ya bambanta babban baƙi da ƙarami, amma sabar Linux, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin a intanet, tana bambantawa. Saboda haka Gabatarwa.md da gabatarwa.md abu biyu ne a can, mahaɗin da ke aiki a kwamfutarka zai mutu bayan an ɗora. A yi amfani da ƙananan baƙaƙe, babu tazara, a adana da tsarin haruffa na UTF-8 domin ƙ da ɗ su fito daidai.

Kafin turawa, a gina shafin a kwamfuta a duba, sannan a ba da umarnin git add, don Git, manhajar da ke adana tarihin canje-canjen fayiloli, ba ya ɗaukar sabon fayil da kansa.