Ƙannena masu babbar mota, ku duba inshorarku da kyau

Duk wanda ya tara kuɗi ko ya ci bashi ya sayi DAF ko tirela yana tuƙa abarsa da kansa, to ya sani shi ne direba kuma shi ne mai mota, in aka yi ɓarna a hanya babu wani oga da zai tsaya masa. Shi ya sa nake so mu yi maganar inshorar da ake kira third party, wato mai biyan ɓarnar da motarka ta yi wa wani, wadda doka ta wajabta wa duk motar da ke hawa titi a Najeriya.

Tun 1 ga Janairun 2023 hukumar NAICOM mai kula da harkar inshora ta sa kuɗinta na manyan motocin dakon kaya ya koma naira dubu 100 a shekara, kamfani kuma zai biya har naira miliyan 5 in ka lalata dukiyar wani, rauni ko rasa rai kuma shi ma ana biya, amma lissafinsa daban. Dubu 100 na da nauyi gsky, to amma ka tuna yanzu nawa ake gyara gaban Corolla ɗaya.

Ni nauyin nan ne ya sa na bai wa wani ɗan kamasho a bakin ofishin lasin ya haɗo min takardu da araha, takarda ta fito da tambari da sa hannu komai tsaf, ina ta wuce shingen 'yan sanda da ita hankalina kwance. Ranar da birki ya ƙwace min na shiga shagon wani bawan Allah a gefen titi, Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, da muka je kamfanin da sunansa ke jikin takardar suka buga lambar motata a kwamfuta suka ce ba su san ta ba. Sai da na sayar da filina na biya mutumin nan, kuma haƙƙinsa ne ba zan ga laifinsa ba.

Dan Allah kafin ka bar wajen da ka biya kuɗi ka ɗauko wayarka ka duba lambar motar a NIID, wato shafin intanet da ake tantance inshorar motoci, in ba ta fito ba ka karɓi kuɗinka nan take. Kuma ka biya kamfani mai lasisi kai tsaye, in kana da shakku ta fuskar addini akwai kamfanonin takaful, wato inshorar Musulunci, su ma suna yi.

Wani abin da yara da yawa ba su gane ba, wannan inshorar ba ta gyara maka motarka, ba ta kuma biyan buhunan shinkafa ko sumuntin da ka yi lodi, na kaya daban ake yanka. To tun kafin a ɗora buhun farko ka zauna da mai kayan ku yi magana wa ke da alhakin kaya in mota ta faɗi, a rubuta kowa ya sa hannu, ko da ɗan uwanka ne uwa ɗaya uba ɗaya.