Matasa baƙaƙen fata da kallon tsuntsaye a New York

Duk wanda ya shiga lambun Central Park na birnin New York da sassafe a watan Mayu, lokacin da tsuntsaye masu ƙaura suke yada zango a kan hanyarsu ta zuwa arewa, zai tarar da mutane tsaitsaye a gindin bishiyoyi, kowa ya ɗaga kai sama riƙe da tabaran hangen nesa. A da, da wuya a ga baƙar fata a cikinsu, amma yanzu matasa baƙaƙe da 'yan asalin Latin Amurka suna zuwa rukuni-rukuni, wasu suna rubuta sunayen tsuntsayen a ɗan littafi, wasu kuma suna ɗaga waya sama domin manhaja ta saurari kukan ta gaya musu ko wane tsuntsu ne.

Ranar 25 ga Mayu, 2020, wani baƙar fata mai sha'awar tsuntsaye, Christian Cooper, ya roƙi wata Baturiya da ta ɗaure karenta kamar yadda dokar wannan sashe na lambun ta tanada, sai ta kira 'yan sanda ta ce yana yi mata barazana. A ranar ce kuma wani ɗan sanda ya kashe George Floyd, wani baƙar fata, a birnin Minneapolis. Kafin mako ya zagayo, wasu matasa masana halittu suka ƙaddamar da Black Birders Week, makon baƙaƙe masu kallon tsuntsaye, wanda aka ci gaba da yi duk shekara.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tarihin filin kansa. A inda wani ɓangare na lambun yake yanzu, a da akwai unguwa mai suna Seneca Village, wadda yawancin mazaunanta baƙaƙe ne masu gidajensu da coci-cocinsu da makaranta, kuma a 1857 aka tashe su baki ɗaya domin a yi wurin shaƙatawa. Saboda haka, idan na ga yarinya baƙa tana bin wani ɗan tsuntsu da ido a wannan wuri, ba na ɗaukar abin a matsayin ɓata lokaci kamar yadda wasu iyayenmu suke ɗauka.

Ƙungiyoyi irin su Outdoor Afro, wadda Rue Mapp ta kafa a Oakland a 2009, sun gane cewa tsoro da rashin abokan tafiya suna hana mutane fita, shi ya sa suke shirya yawon ƙafa da tuƙin kwale-kwale a ƙungiyance. Kuma ba sai an je daji mai nisa ba. A Bronx, wani yanki na birnin New York, inda 'yan Afirka ta Yamma suke da yawa, har da Hausawan Ghana da Nijar, akwai Pelham Bay Park, wanda girmansa ya ninka na Central Park fiye da sau uku, ga kurmi ga bakin teku, kuma jirgin ƙasa mai lamba 6 a bakinsa yake ƙare tafiyarsa.