Ba kowace takarda ce ke shiga GED ba

A ofisoshin Yamai duk manhajar takardu GED ake kiranta, wato tsarin sarrafa takardu a kwamfuta, kuma daga nan ake fara kuskure. Wasiƙar da ke yawo tsakanin sakatare da darakta tana jiran sa hannu daban take da takardar da aka rufe, irin ta lissafin kuɗi da dokar OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, ta ce a adana shekara 10.

Ga wasiƙun shiga da fita, manhajar Maarch Courrier ta fi dacewa: tana ba kowace wasiƙa lamba, ta nuna hannun wa take, da ranar da ya kamata a amsa. Alfresco da SharePoint sun fi ƙarfi wurin takardun da mutane da yawa ke gyarawa, don suna riƙe kowane gyara. Sai dai SharePoint kan fara gardama idan jeri guda ya wuce takardu 5,000 ba a tsara shi ba, Alfresco kuwa tana son mai kula da ya san aikinta. Ƙaramin ofis, Paperless-ngx ta ishe shi.

Duk waɗannan ba rumbun adana takardu ba ne. Ajiyar dogon zango aikin irin su Archivematica ne, wadda ke lissafa wa kowane fayil shaidar SHA-256 don a gane in ya lalace ko an taɓa shi. A mayar da takardun rubutu PDF/A, nau'in PDF na ajiyar dogon zango, kafin a rufe.

Inda aka fi shan wuya shi ne ɗaukar hoton tsofaffin takardu. Shafin A4 mai launi a 300 dpi (ɗigo 300 a kowane inci), a fayil ɗin hoto na TIFF marar matsi, ya kai kusan MB 26. Shafi 100,000 ke nan sun ci TB 2.6, alhali baƙi da fari a matse ba su wuce ƴan GB ba. Rasit ba ya buƙatar launi. Rubutun ajami irin wanda ke cibiyar bincike ta IRSH a Yamai yana buƙata, saboda jan tawadar wasulla. Kuma manhajar karanta rubutu ba ta iya karanta shi, dole mutum ya shigar da sunan marubuci da batun littafi da hannu. Ko bokon Hausa, in aka bi shi da manhajar karanta rubutu ta Tesseract da aka saita kan Faransanci, ƙ da ɗ da ɓ rikicewa suke yi, sai a nemi "ƙasa" a rasa.

Hoton asibiti na DICOM, tsarin da na'urorin asibiti ke fitar da hoto a ciki, a ba manhajar Orthanc, kar a maida shi JPEG, bayanan majinyaci da ke ciki za su zube. Bidiyo kuwa kaset ɗin ajiyar bayanai na LTO ya fi sauƙin kuɗi: LTO-8 na ɗaukar TB 12, amma na'urarsa LTO-7 kaɗai take karantawa a baya, don haka sai an riƙa kwashewa zuwa sabo. A zafin Afrilu da ƙurar Tawa, kaset da faifai duka suna son ɗaki mai sanyi a rufe, da batirin riƙe wuta, sannan a ajiye kwafi uku, ɗaya a wani gini daban.