Cakulan da lemo a hannu ɗaya

Yau da hantsi a wani shago, wata mata ta saya wa yaronta cakulan da robar lemo. Mai shagon ya ce, "Hajiya, ai ɗaya ma ya isa, a ajiye masa ɗayan sai gobe." Ta yi dariya ta biya duka biyun. Lissafin kuwa ga shi: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙarawa a ci da sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu a rana, wato kusan giram 50 ga babba, cokalin shayi 12. Robar lemo mai santilita 50 ita kaɗai ta cike wannan. Cakulan mai madara kuma kusan rabin nauyinsa sukari ne, ɗan giram 40 ɗin nan ya ƙara cokali 5.

Gutsure biyu ko uku bayan an ci abinci, a kora da ruwa, ba ya ɓata komai. Tsotsa kaɗan-kaɗan duk yini shi ke cin haƙori, domin duk sanda sukari ya shiga baki, ƙwayoyin cutar da ke kan haƙori sukan fitar da tsami mai zaizaye shi. Baƙin cakulan mai koko kashi 70 sukarinsa bai kai na mai madara ba, amma mansa na nan, kada a ɗauka magani ne. In kwaɗayin la'asar ya taso, cikin tafin hannu na gyaɗa ko aya ya fi riƙe ciki. Yaron nan dai da wuya ya taɓa abincin rana yau.